Filin Tambaya da Amsa: Tagar jirgina na yoyo, silikon ya ƙi ci

Wannan makon kamar an haɗa baki, yawancin saƙonnin da suka shigo duk a kan abu ɗaya ne, tagogin roba na jirgin ruwa mai filafili, irin waɗanda ba a buɗe su, a manne suke da bangon ɗakin jirgi. Na ɗauki biyar, na rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Jirgi mai filafili na saya na hannu, na faiba ne, tsawonsa mita 9 kuma ya haura shekara 30. Tagoginsa huɗu, dogayen biyu sun kai mita ɗaya, an zagaye su da sukurori. Duk sun yi hazo, sun tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, kuma in aka yi ruwa sai ya riƙa ɗiga kan katifa. Sau uku ina lafta silikon ta waje, ya yi wata biyu ya koma gidan jiya. Don Allah me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ajiye bindigar silikon ɗin nan, karo na huɗu ma ba zai yi ba, ko na goma. Ruwan ba ta saman da kake shafawa yake shiga ba, ta ƙarƙashi yake bi inda tsohon gam ya saki, kuma sabon silikon ba ya kama tsoho, kwanciya kawai yake yi a kansa. Tagogin nan fita za su yi, babu wata dabara.

Amma kafin ka taɓa sukundireba ina so ka gane abu ɗaya, don shi ne duk maganar. Robar taga numfashi take yi. Akirilik, wato wadda ake sayarwa da sunan Plexiglas ko Perspex, tana miƙewa kusan milimita 0.07 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Toh lissafa, taga mai mita ɗaya, tsakanin sanyin asuba da lokacin da rana ta dake ta tsaka a ce digiri 40, ka ga milimita 2.8 kenan, kuma in mai duhu ce ta fi shan zafi. Faibar da ke riƙe da ita ba ta motsa ko rabin haka. Kenan kullum ta Allah robar tana ja faiba tana ƙi, safe da yamma, shekara 30. Shi wanda ya ɗaura ta a farko ya huda ramuka daidai kaurin sukuru ya matse tam har gam ɗin ya fito waje saura ɗan siriri kamar takarda, to abin da bai kai kaurin takarda ba ta ina zai miƙe milimita guda a kowane gefe? Yagewa zai yi. In ka duba da kyau za ka ga manyan tsagun daga bakin ramukan sukuru suka taso kamar tauraro, nan ne robar ta so ta motsa aka hana ta.

Cirewa ba wuya, haƙuri kawai. Kwance sukurorin, ka zura wuƙar roba ko siririyar waya mai ƙarfi tsakanin taga da bango kana ja kamar zarto. Yi ƙoƙari ko ɗaya ta fito lafiya don da ita za a zana sabuwa, in ta fashe ka ɗauki zanen a kwali. Taga ɗaya ko biyu za ka cire a rana, kada ka buɗe huɗun gaba ɗaya hadari ya same ka da jirgi baki buɗe.

Aikin gaskiya shi ne sharewa, nan mutane ke gajiya su yi ha'inci kuma nan aikin ke lalacewa. Kankare tsohon silikon da abin kankara na roba, ka sa maganin cire silikon ka sake kankarewa, sai an gama wannan tukuna samfefa za ta shigo. In ka fara da samfefa tura man silikon ɗin za ka yi cikin faiba kuma ba zai fito ba. Gwajin da nake yi shi ne in yayyafa ruwa a wurin, in ya bazu shimfiɗe to ya fita, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa akwai saura, koma. Tsofaffin ramukan sukuru ka ɗan buɗe bakinsu ka cike da efoksi mai kauri, wato gam ɗin da ke daskarewa ya yi tauri, ya bushe ka goge ya yi daidai da bango. Sannan leƙa gefen ramin tagar, wasu jiragen akwai katako a tsakiyar faiba biyu, filawud ko balsa, wani katako marar nauyi, tsokane shi da tsinin sukundireba, in ya yi laushi baƙi-ƙirin yana wari to ruwa ya daɗe yana cinsa, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen a bar shi ya bushe sosai a cike da efoksi. Kada ka rufe jiƙaƙƙen katako da sabuwar taga ka ce ka yi gyara.

Sabuwar a yanko ta ta haura ramin da aƙalla milimita 25 ta kowane gefe, in da fili ma fiye. Takardar da ke lulluɓe da ita bar ta har ƙarshe, gefen da zai manne kawai za ka yanke da reza a hankali ba tare da ka ji wa robar ciwo ba. Ɗora ta a bushe ka gani, ka zagaye da fensir, ka liƙa tef ɗin masu fenti a wajen layin.

Hanyar da ni na fi so, kuma babu sukuru ko ɗaya a cikinta, ita ce tef mai gam fuska biyu na 3M da ake kira VHB haɗe da silikon na masu haɗa gilasan dogayen gine-gine, DOWSIL 795, wanda a da ake kira Dow Corning 795. Nemi tef mai kauri, lamba 4991 kaurinsa milimita 2.3, shi zai riƙe tagar kuma shi zai hana ta kwanciya a bango, sauran filin da ya rage ta waje silikon zai cike. Goge wurin da sifirit ɗin isofurofil da aka sirka da ruwa rabi da rabi, shafa ɗaya da tsumma mai tsabta ka bar shi ya sha iska. Liƙa tef ɗin a zagaye bakin ramin. Yanzu ga abin da ba a faɗa wa mutum sai ya ƙone: tef ɗin nan sau ɗaya yake ba da dama, yana taɓawa ya kama, babu "bari in ɗan matsa da ita hagu". Don haka ka manna 'yan katako biyu a ƙasa da ɗaya a gefe su zama jagora, ka dasa ƙasan tagar a kansu, sannan ka kwantar da ita, kuma ku zama ku biyu. Danna da ƙarfi ko'ina, tef ɗin da dannawa yake kamawa, kuma sai ya yi awa 72 yake kai cikakken ƙarfinsa. Ba ya son sanyi, ƙasa da digiri 15 kar ma ka fara.

Sai silikon. Yanke bakin bututun siriri ka cusa shi cikin ratar ka riƙa turawa gaba har ka ga ya cika ya dawo maka, ba shafawa a sama ba. Bi da yatsa ka lallashe shi ya kwanta a gefen robar, ka cire tef ɗin fenti nan take tun yana ɗanye, minti 20 zuwa 30 kake da su kafin ya fara yin fata. Shi 795 yana jure miƙewa da matsewa har rabin faɗinsa, kuma rana ba ta cinsa, wannan ya sa nake sonsa. Aibinsa jinkiri, kamfanin da kansa ya ce kwana 7 zuwa 14 kafin ya bushe sosai, cikakken kamu kuma har zuwa kwana 21. Kada ka ɗaura yau gobe ka fita teku.

Ni kaina na taɓa yin wautar, shi ya sa nake nanatawa. Tagar farko da na taɓa sawa silikon zalla na yi, na tokare ta da sanduna, sai na ga kamar ba ta zauna ba na ƙara weji, na ƙara, ina jin daɗi baƙin abu na fitowa ta gefe kamar man goge baki wai alamar ya cika. Ashe duk na matse shi waje. Ko shekara ba a yi ba na sa farce a kusurwar gaba ta ɗago. Garin neman gira na rasa ido. In za ka yi da silikon zalla babu tef, yanka 'yan guntayen roba masu kaurin milimita 3 zuwa 4 ka dasa su cikin gam ɗin su tsaya tsakani, doguwar taga ma ta fi son fiye da haka.

Akwai kuma Sikaflex 295 UV, shi ma don wannan aikin aka yi shi kuma yana da kyau, amma ba ya yafiya, dole ka bi firaimarsa, wato ruwan da ake fara shafawa kafin gam, Sika Primer 209 D, da duk matakan da suka rubuta, kuma dole a kare layin gam ɗin daga rana da baƙin fenti ko wani abin rufi a gefen tagar, don rana na ratsa robar ta ci shi ta ciki inda ba ka gani. In kai mai tsallake layi ne wajen karanta umarni, zauna a kan 795.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da maigidana muna gardama, shi ya ce Lexan za mu sa don ko guduma ba ta fasa shi, ni kuma na ji an ce yana yin rawaya. Wa ya fi gaskiya? Kuma wane kauri?

AMSA: Hajiya ku duka kuna da gaskiya, amma a wannan karon ni ina bayanki, ki gaya wa maigida ya yi haƙuri. Lexan sunan kasuwa ne na folikabonet, kuma ƙwarai wajen jure duka akirilik ba ta kama ƙafarsa. Sai dai yana da laushin fata, tsumma mai ɗan gishiri ma karce shi yake, rana na sa shi rawaya da hazo cikin 'yan shekaru in ba mai rufin kariya ba ne, kuma ya fi akirilik lanƙwasuwa, in igiyar ruwa ta danna shi yana lotsawa ya ja gam ɗin gefe. Akirilik ta fi tauri, ta fi jure rana nesa ba kusa ba, in ta karce ana goge ta da man folish ta dawo. Don tagar gefen ɗaki da aka manne, akirilik. In babbar taga ce ƙwarai kuma kuna niyyar tsallaka teku inda ruwa zai iya faɗo mata da nauyi, to maganar maigida ta shigo, ko kuma a yi murfin katako ko na ƙarfe da za a ɗaura a kai in yanayi ya ɓaci.

Akirilik ɗin ma iri biyu ce, akwai wadda aka zuba a mazubi akwai wadda aka matso ta inji. Ku ce ta zubi kuke so. Ta matsowa ta fi araha amma araha ba ta ado, tana narkewa a bakin zarto kuma ta fi saurin tsattsagewa. Kauri kuwa kada ku yi ƙasa da wanda kuka cire, a ƙananan jirage yawanci tsakanin milimita 6 ne zuwa 10. Kada kuma a ce bari a ninka don ƙarfi in bangon ɗakin yana da lanƙwasa, mai kauri ba ta son tanƙwaruwa, za ta yi ta ƙoƙarin miƙewa tana ɓanɓaro kanta daga ƙarshe biyun. In lanƙwasar ta yi yawa a kai wa masu gasa ta a tanda su ba ta siffa. Abu na ƙarshe, in mai yankan ya ce zai bi gefen da wuta ya yi sheƙi ki ce a'a, wuta na barin gajiya a cikin robar, ranar da sifirit ya taɓa wurin sai ki ga ya tsattsage. Samfefa mai laushi ta isa, a ɗan kashe kaifin gefen shikenan.

TAMBAYA: Gaskiya Malam hankalina bai kwanta da taga babu sukuru ba. Gam kawai a tsakiyar ruwa? Ni dai zan ɗaure tawa.

AMSA: Ɗan'uwa gilashin gaban motarka gam ne ke riƙe da shi, kuma jirage da yawa na yanzu haka suke fitowa daga masana'anta. Amma ban hana ka ba, jirginka ne, kuma in bangon na da lanƙwasa sosai ko filin mannewar bai kai ba to sukuru na da amfani. Sharaɗi dai ka bar wa robar wurin numfashi. Ramin da ke jikin robar ya fi sukurun faɗi da milimita 2 zuwa 3, na ƙarshen doguwar taga ma su fi haka don can motsin ya fi yawa. Kada ka yi amfani da sukuru mai kan mazurari wanda ke nutsewa cikin roba, wannan weji ne, tsaga ta zai yi ko ba yau ba. Mai faffaɗan kai za ka nema, da washa, kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ramin kada ya matso gefe, bar aƙalla ninki biyu na faɗinsa.

Wajen hudawa, sabon bakin dirili mai kaifi fizgar akirilik yake yi yana fitowa ta baya ya ɓalle ta, na ga taga sabuwa fil ta tafi a rami na ƙarshe. Ɗan dakushe kaifin bakin da dutsen wasa ya zama kankara yake yi ba yanka ba, sa katako a ƙasa, tafi a hankali, ka fara gwadawa a guntun da ya rage. Ɗaurewa da hannu, ba da inji ba, washa na zama ka tsaya.

In taka mai firam ɗin alminiyam ce da noti ke ratsawa har ciki, tef ɗin butil ya fi komai sauƙi tsakanin firam da bango, ba ya bushewa har abada, yana nan kamar cingam, kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu uku yana fitowa kana yankewa. Amma ka sani shi ba gam ba ne, ba ya riƙe komai, notin ne ke riƙewa.

TAMBAYA: Ina da ragowar 3M 5200 kwalba biyu, ba zai yi ba? Kuma da me zan riƙa wanke sababbin?

AMSA: Ba zai yi ba. 5200 gam ne da aka yi don abin da ba a so ya sake rabuwa, a faiba yana kamawa har ya ɓanɓaro fatar jirgin ranar cirewa, a robar taga kuma kamunsa ba abin dogaro ba ne, ka ga an yi asara ta gefe biyu. Gam masu sinadarin folisalfaid su ma nesa da su, suna cin akirilik da folikabonet. Haka silikon ɗin banɗaki mai warin tsami.

Wanki kuwa ruwa mai yawa tukuna ya tafi da gishiri, sannan sabulu mai laushi da tsumma mai taushi. Banda asiton, banda tina, banda fetur, banda ruwan goge gilashi mai amoniya. Asiton ko a faiba za ka yi amfani da shi lokacin shiri to tagar ta kasance can nesa, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo fari da ba ya fita. Kuma kada ka goge ta a bushe.

TAMBAYA: Malam na canza tagogi wata uku da suka wuce, na bi komai, amma har yanzu da safe ina ganin ruwa a ƙasan ta hagu. Raina ya ɓaci wallahi.

AMSA: Kwantar da hankalinka, kada ka ɓanɓare ta tukuna, sau da yawa taga bakin jini kawai gare ta. Ka ce da safe. In ba a yi ruwa da dare ba kuma kun kwana a ciki a rufe, wataƙila raɓa ce, numfashinku da tururin girki ke taruwa a jikin roba mai sanyi su gangaro, maganinta iska ta riƙa shiga tana fita. In kuma bayan ruwan sama ne, duba abin da ke sama da tagar, maƙallan hannu na rufin ɗaki, layin da igiyar filafili ke gudu a kai, duk wani noti da ya ratsa rufi. Ruwa na shiga can ya bi bayan silin ya yi tafiyar mita guda ya fito a bakin taga don nan ne ya samu ƙofa.

Ga yadda za ka kama ɓarawon. Busar da wurin sarai, ka ja layi da alli a bangon ciki, ɗaya sama da tagar ɗaya ƙasa da ita. Sa mutum a ciki da tocila, kai ka tsaya waje da tiyo, ruwa a hankali ba da matsi ba. Fara daga gefen ƙasa na tagar ka yi minti biyar, sannan gefe da gefe, sannan sama, sai ka hau rufi abu ɗaya bayan ɗaya. In ka fara daga sama komai zai jiƙe lokaci guda ba ka san na wa ba ne. In layin allin sama ne ya fara yankewa tagarka ba ta da laifi, hau rufi da sukundireba. In na ƙasa ne kawai, sa wanda ke ciki ya nuna maka daidai inda ɗigon farko ya ɓullo, yawanci kusurwa ce inda silikon bai cika ba ya bar kumfar iska, kuma tunda 795 ne kuma bai tsufa ba za ka iya yanke wannan ɗan wurin da reza har ƙasa, ka goge, ka sake cusa sabo. Rubuto mana abin da allin ya nuna.